Katin Alhaji Sabitu

"Zauna, Munir. Karanta min wannan."

Alhaji Sabitu ya miƙa wa yaron da zai auri 'yarsa waya. Safina tana tsaye bayan ƙofa, ta riga ta san abin da ke rubuce. Saƙon banki ne har uku, kowanne na cewa an riƙe jaka arba'in na sefa a katin shagon mahaifinta. Sunan mai karɓar kuwa wasu haruffa ne a cakuɗe da lambobi, ko malamin makaranta ba zai gane su ba.

Sati uku ya rage a ɗaura musu aure. Jiya Alhaji ya ba Munir katin ya je tashar jirgin ruwa ya fito da atamfofi, injin biyan kuɗi ya ce kuɗi ba su kai ba. Sai Sabiru mai shagon kusa, wanda ba a raba shi da shisshigi, ya duba saƙon ya rantse da Allah irin sunan 'yan caca ne.

Alhali aikin Safina ne. Alhaji bai yarda da zance ba sai ranar Juma'a, shi ya sa ita da Munir suka koma wani wasa na waya, inda suke gina gida tare suna hira. Wasan ya yi mata tayin sati guda kyauta, lambar kati kawai zai gani. Ita ke yi wa shago odar kaya, lambar tana kanta. Reso, wato sabis ɗin waya, ya yi ta yankewa, ta danna sau uku. Ba wanda ya gaya mata kowace dannawa kuɗin shekara guda za a riƙe.

Munir ya daɗe yana kallon wayar. Ya gane sunan, ya kuma gane mai aikin.

"Baba, ba caca ba ce. Kuɗin za su dawo."

"Ban tambaye ka dawowarsu ba. Wa ya taɓa min kati?"

Munir ya sunkuyar da kai. Safina ta ƙara lafewa bayan ƙofa. Ita ce 'yar da Alhaji yake bugun ƙirji da ita a kasuwa, wadda ya fifita a kan yayyenta maza. Kai, tsoro bai yi ba. Tana ji aka sallami Munir, ko tabarma ba a bari ya naɗe ba.

Washegari ta hau zemijan, wato acaɓa, zuwa banki a unguwar Hanoukopé. Ma'aikaciyar ta yi mata bayani da Faransanci, ta ce kuɗin ba a cire su ba, riƙewa aka yi don a tabbatar katin na aiki, kuma sakinsu yana hannun kamfanin wasan, kwana bakwai zuwa sha biyar. Ta rubuta wa kamfanin har sau huɗu, inji ne ke amsa mata da godiya.

Sai ta yi wa kanta dabara: bari kuɗin su dawo tukuna, zuciyar Baba ta yi sanyi, sannan ta faɗa. Munir ya kira ta sau biyu, kunya ta hana ta ɗauka. Ta aika masa saƙo, "Masoyina, ka ƙara haƙuri kaɗan..." Bai amsa ba.

Unguwarsu Zongo kuwa ba ta jira banki ba. Kafin Juma'a magana ta kai har unguwar Bè-Kpota, 'yan kasuwar da ke ba Munir aikin fito duk suka janye. Bayan an sauko daga masallaci, Alhaji ya mayar da goro da kayan gaisuwa a gaban mutane.

Ranar kwana goma sha ɗaya kuɗin suka dawo cif. Safina ta durƙusa ta faɗi komai. Alhaji bai zage ta ba, da ma zagin ya yi.

"Ɗan mutane na kira ɗan caca a ƙofar masallaci, Safina... kina raye, kina ji."

Ya ce wa mahaifiyarta Hajiya Asiyatu ta raka ta su nemo Munir, shi ma yana tafe. A unguwar Adakpamé suka same shi, yana ɗaure jakarsa a kan babbar motar kawunsa Kimba mai zuwa Yamai. Ya rame. Ya durƙusa ya gaida Hajiya, ya ce mahaifiyarsa ta yi rantsuwa ba zai sake taka gidan Alhaji ba, shi kuma ba zai karya mata ba.

"Munir, kuɗin sun dawo... na faɗa wa Baba gaskiya. Don Allah ka yafe min."

"Na yafe tun ranar. Na san za su dawo, Safina. Ke nake jira, kullum ina cewa yau za ta yi magana. Kwana goma sha ɗaya ina jiran ki, ke kina jiran banki."

Kimba ya tada mota, Munir ya hau bai waiwayo ba. Safina ta zube a bakin titi tana kuka kamar ranta zai fita. Can sai ga Alhaji ya sauka daga zemijan yana haki, hularsa a hannu, yana tambayar ina yaron yake.