Abin da Rawanin Radwan Ya Rufe

A filin wasan sanda na Maulidin ƙauyenmu, nan kudancin Masar, Nagat ta fara ganin Radwan. Yana juya gora kamar da ita aka haife shi, ita kuma tana leƙe daga saman soron yayarta. Saurayi ne mai sanyin hali, wallahi ko jakin gidansu bai taɓa duka ba. Kafin a sare rake an yi baiko.

A wasa na gaba sanda ta kuɓuce wa wani ta sami Radwan a goshi. Mu kuwa a nan, namiji ya yarda an taɓa masa kai abin kunya ne. Yayyensa suka tusa garin kofi a raunin, ya ja rawani ya rufe, ya ce ba komai.

Daga nan mutum ya sauya. Magana kaɗan sai ashar. Ranar da ya je gaida mahaifinta, Hajji Gabir, don kawai shayi ya huce ya yi jifa da faranti, gilashin shayin ya fashe ya yanki Nagat a haɓa. Tsoho ya ce dama mugun hali yake ɓoyewa, ya mayar musu da zinarensu na baiko. Ɗan baffanta har ya fara zarya.

Radwan ya turo mata saƙo: "Hasken idona, ban san wanda ya yi miki haka ba, amma da hannuna ya yi. Tsoron kaina nake ji."

Ba ta amsa ba. Shirun nan har yau yana cin ranta.

Sai da ya yanke jiki ya faɗi a gona aka kai shi asibiti a Asyut. Likita ya ce jini ne ya taru yake danne gaban ƙwaƙwalwa, wurin da ke riƙe mutum idan ransa ya ɓaci, kuma an makara ƙwarai. Aka yi aiki. Fushin ya ragu, hannun dama kuwa ya shanye.

Da ta je duba shi ya kau da kai. "Nagat, ki auri wani. An ce abin zai riƙa tasowa."

"In ya taso ka fita gona, in rufe ƙofa. In ya sauka ka ƙwanƙwasa, zan buɗe."

Ranar ɗaurin aure liman ya ce ango ya kama hannun waliyyi, a rufa musu hankici. Yatsun Radwan suka ƙi lanƙwasuwa. Hajji Gabir ya sa hannu biyu ya tallabe hannun angon, hawaye na bin gemunsa.

"Ka yafe mini, ɗana. Na ba ka ita. Allah Ya zaunar da ku lafiya."