Jan Fenti a Rijiyar Kaltume

Ranar da Uwaliya ta fara ganin Jelani, hancinsa na cikin gugan da ta jawo. Wani dogon saurayi ne da rigar duba-gari, ya sauka daga babur a ƙofar gidansu ya yi sallama. Ta ɗauka ƙishirwa ce ta kawo shi.

"Malam, ruwa sha aka yi, ba shinshina ba."

"Tun yaushe ruwan ga ka warin hetur?"

"Tun bara. In anka dahwa shina ragewa."

Bai yi dariya ba. Ya ɗura ruwan a kwalba, ya nemi lambarta, wai don ya sanar da ita sakamakon gwaji. Sakamako dai sai da ya yi sati uku, amma saƙo kullum sai ya shigo.

"Barka da hantsi, Tauraruwa. Don Allah kada ki sha ruwan nan ko a shayi. Ke ɗaya gare ni."

"Na ji, Mai Kwalba. Kai ma ka rage gudu da babur."

Kafin wata biyu manyansa sun zo daga Wurno neman izini, mahaifinta Alhaji Mode ya karɓe su hannu bibbiyu. Shi ke sayar wa manoman rani fetur na injin ban-ruwa, tun da ruwan dam ɗin Goronyo ya sa fadama ta cika da albasa da shinkafa. Rijiyar kuwa sadaka ce ya haƙa wa marigayiya Kaltume, mahaifiyar Uwaliya. Duk wanda ya ja ruwa sai ya ce Allah ya jiƙanta.

Gwaji na biyu ya tabbatar da na farko. Wani sinadari ne da ake zuba wa fetur don inji ya ja da kyau, ya fi fetur ɗin kansa saurin bin ruwa, ga yaran unguwa kullum ciwon kai da amai. Jelani ya zo da takardar ƙaramar hukuma, ya shafa wa rijiyar jan fenti, ya sa kwaɗo. Uwaliya na gani ta zaure.

A ranar Alhaji ya aika Wurno. "Wanda yar ruhe ladar matata ba shi shiga gidana."

Sai ga Mainasara, ɗan ƙanin Alhaji, wanda ya daɗe yana sonta tana yi masa kallon yaya. Ya fasa kwaɗon, ya tara samari suka yashe rijiyar kwana biyu, yadda ake yi in akuya ta faɗa ciki, aka zuba alif, aka yi addu'a. Kwana huɗu wari ya dawo. Mainasara ya shiga gari yana cewa ai duba-garin ne ya zuba wani abu don a ce yana aiki. Haushin rijiyar uwarta ya sa Uwaliya ta daina amsa waya. Saƙo ya shigo duk da haka.

"Tauraruwa, ko kin tsane ni ki karanta. Abin ba cikin rijiya yake ba, cikin ƙasa yake, akwai inda yake tsiyaya. Na duba ko'ina ban gani ba. In damina ta sauka zai kai sauran rijiyoyin gari."

Ita kuwa ta san inda yake tsiyaya. Tun tana ƙarama Alhaji, don tsoron gobarar bazara, ya binne durorin fetur shida a ƙarƙashin rumfar da ke bayan gidansu, inda ƙasa ke da sanyi saboda danshin rijiya. Ban da 'yan gida ba wanda ya sani.

Ta durƙusa gabansa bayan la'asar. "Baba, ina jin durorin nan ne."

"Mi kinka ce? In kin hwaɗa ma yaron ga, ki nemi wani uban."

Ta yi kwana biyu ba ta iya cin abinci. A na uku ta ga maƙwabciyarsu Tani a bakin rijiyar, tana ɗura wa jaririnta ruwan da tafin hannu, tana cewa Allah ya jiƙan Kaltume. Uwaliya ta koma ɗaki tana kuka ta rubuta:

"Ƙarƙashin rumfar bayan gidanmu. Duro shida. Kada ka kira ni."

An tona a gaban jama'a. Biyu daga ciki tsatsa ta mai da su rariya, ƙasar ta yi baƙi ƙirin. Alhaji ya sunkuya ya damƙi ƙasar ya kai hanci. Jelani ya rubuta gaskiya bai rage komai ba. Hukuma ta rufe shagon, aka kwashe ƙasar da tifa, aka sa inji yana zuƙe ruwan zuwa ramin da aka shimfiɗa wa leda, kowane wata ana gwaji.

Wata biyar Alhaji bai amsa gaisuwarta ba. Ita ma ba ta amsa wa Jelani ba, ko da yake ba saƙon da ta goge. Ta rame, tana son su duka biyun, ga shi ba ta da ko ɗaya.

Bayan an cire albasa, yaran unguwa sun daina amai, Alhaji ya kira ta. Bai dube ta ba.

"Ki ce mai shi turo manyanai."

An ɗaura aure ranar Juma'a. Rijiyar na nan a kulle, Jelani ya ce sai ta yi shekara uku ko fiye. Da aka kawo amarya sallama, Alhaji ya ɗora hannu a kanta.

"Ina ba mutane guba da sunan uwarki, ina jiran lada. Allah shi yi miki albarka, ɗiyata, shi ba ku zaman lahiya. Kin hi ni son Kaltume."

Har motar ta shiga Wurno kuka take, Jelani na riƙe da hannunta bai ce ta yi shiru ba.