Tulin Duwatsu Biyu

Ku yaran yanzu, hannunku ba ya zama wuri ɗaya. Ku ga abu a ajiye, ba ku san wanda ya ajiye shi ba, ba ku san dalili ba, sai kun taɓa. To, ku buɗe kunnuwanku.

Akwai wata yarinya a ƙauyenmu, a gindin Cotopaxi, dutsen nan mai aman wuta. Wata Asabar kawunta Anselmo ya ɗauke ta tare da ƙanenta Wilmer. Za su hau su ga ƙanƙarar da ke saman dutsen kusa-kusa, su dawo kafin la'asar. Suka ƙulle gasasshiyar masara da dafaffen dankali a ƙyalle.

Daga inda ciyawa ta ƙare babu hanya. Baƙin yashi ne kawai, iska kuma tana share sawu. Shi ya sa magabata suka tara duwatsu tuli-tuli. Daga wannan tuli kana hango na gaba.

Kawu yana gaba, riƙe da hannun Wilmer. Yarinyar tana baya tana haki. Ba kowa a dutsen sai su, shirun ya ishe ta. Ta ɗauki dutse daga wani tuli ta gangara shi wani kwazazzabo da ke gefe. Ya yi ta tsalle har ya ɓace. Abin ya ba ta dariya. Ta ƙara, ta sake ƙarawa. Sai da ta share tuli biyu kakaf.

"Kunkuru, ɗaga ƙafa mana," in ji kawu, ko waiwayowa bai yi ba.

Da suka kai sama suka zauna cin abinci. Wilmer ya kasa ci. Ya ce kansa zai fashe, sai amai. Kawu ya duba leɓensa, ya ce ciwon tudu ne, wanda ƙarancin iska a sama ke kawowa, maganinsa ɗaya, a sauka yanzu. Kafin su ƙulle ƙyalle, gajimare ya rufe su ruf.

Kawu ya goya Wilmer. Ya ce wa yarinyar ta riƙe gefen bargon da ya yafa, kada ta saki. Suka wuce tuli ɗaya, biyu, uku. Na huɗu babu shi.

Kawu ya tsaya. Ya ce shekara talatin yana hawan dutsen nan, a nan akwai tuli. Tunda babu, sun karkace dama, sai su koma hagu.

Yarinyar ta tuna. Hagu ai nan kwazazzabon yake. Duwatsun da ta jefa, ko ƙarar saukarsu ba ta ji ba. Kawu ya ɗaga ƙafa.

"Kawu, kada ka bi hagu."

"Ke kika san dutsen nan ko ni?"

"Ba mu ɓata ba. Da safe tulin yana nan. Ni na zubar da shi. Da na gabansa."

Kawu ya durƙusa da yaron a bayansa, ya shafa yashi. Ga ramukan da duwatsun suka bari.

"Riƙe bargon da kyau," ya ce. "Maganarki sai mun sauka."

Suka miƙe sannu-sannu, taki ɗaya bayan ɗaya. Wilmer yana nishi. Yarinyar tana kuka ba sauti. Can sai ga wani tuli ya bayyana cikin gajimaren, tsaye kamar mutum. Da suka isa ciyawa, Wilmer ya ɗaga kai ya tambaya ko dankali ya rage. A nan ne kawu ya yi dariya.

Ku ji da kyau. Abin da kuka tarar a ajiye, wani ya ajiye shi domin ran wani. In kuma kun yi ɓarna, ku faɗa tun bakinku yana da amfani.

Ba a dake ta ba. Amma Asabar huɗu a jere, ƙawayenta suna kasuwar garin Latacunga, ita tana bayan kawunta da duwatsu a mayafi. Hannuwanta suka tsage don sanyi. Sai da tulin biyu suka kai mata ƙugu aka ce ta huta.