Sunan Gunnel a Ƙarƙashin Kujera

Tuva na cikin fito da burodin kirfa daga murhu sai Gunnel ta turo ƙofa, ko takalmi ba ta cire ba. Yayar Rune ce, abokin zaman Tuva. Shi kuwa Rune kwanansa tara ke nan a asibitin garin Falun, ciwon zuciya ya kayar da shi.

"Zauna ki sha kofi," in ji Tuva.

"Ba zama ya kawo ni ba." Gunnel ta zaro 'yan takardu masu gam, ta rubuta sunanta, ta shiga mannawa a ƙarƙashin kujeru da bayan agogon bango.

"Gunnel! Mutumin nan fa da ransa!"

"Allah ya ba shi lafiya. Amma in ta Allah ta kasance, gidan nan tun kafin ya san ki ya saye shi. Ba aure, ba wasiyya, ba ɗa. Ni ce magajiya, je ki tambayi lauya."

"Shekara goma sha tara muna tare..."

"Ko ɗari ce! Abokiyar zama ba ta gado."

Tuva ta tambayi lauyan, ya ce haka dokar take. Ita da Rune irin mutanen nan ne masu cewa takarda ba ta ƙara so. Sun yi wa kare inshora, sun yi wa kwalekwale, kansu ne kawai suka manta. Ta yi kukanta a mota, ta share. Likita ya ce kada a tayar wa Rune hankali, saboda haka ta haɗiye maganar, ta ci gaba da jinyarsa.

Sati uku da sallamo shi, ƙwayar maganinsa ta faɗi, ya durƙusa nema, sai ya ga takardar a ƙarƙashin kujerarsa.

"Tuva, yaushe kujerata ta zama ta Gunnel?"

Ta gaya masa komai. Ya daɗe zaune a ƙasa, kunya ta rufe shi.

"Wato da na tafi, sai ke da akwati a bakin titi?"

"Da karen," ta ce.

Bayan wata biyu ya gayyaci yayarsa cin abinci a gari, ya ce ta caɓa ado. Ta caɓa kuwa. Sai ga su a ofishin ɗaurin aure na ƙaramar hukuma, maƙwabcinsu na jira da furanni.

"Mene ne haka, Rune?"

"Shaidu biyu ake nema, Yaya. Ga biro."

Ta dubi ƙaninta da ya rame, ta dubi matar da ta yi jinyarsa ba ta taɓa kai ƙararta ba. Ta sa hannu, kanta a sunkuye. Auren duka bai kai minti biyu ba.

An ce mahaƙurci mawadaci, kuma Tuva ta wadata. Sai dai ta wadata ne don Rune ya tashi. Da bai tashi ba, haƙuri ba ya hana a karɓe makulli. Wanda kake so, ka ba shi matsayinsa a rubuce tun hannunka na iya rubutu.