Kwaɗon Shagon Yaya

"Ki tsaya ki saurare ni, Haskena..."

"Kar ka ƙara kirana da wannan sunan a cikin asibitin nan."

Muna tsaye a baranda, warin magani na hawa min kai, a ɗakin da ke bayana kuma ana ɗaure wa Yayana wuyan hannun da ya karye. Wanda ya karya shi ne a gabana, farar rigarsa duk ƙura, yana roƙon in dube shi. Shi ne kuma mutumin da nake so fiye da yadda nake iya faɗa.

Kowa Sufeto yake ce masa, duk da ya daɗe da ajiye aikin ɗan sanda. Ya tuɓe kaki ne ya fito takarar majalisar dokokin jiha da alkawari biyu da bakinsa ba ya gajiya da su: mutane su yi barci da ido biyu rufe, a kuma rage harajin barkatai da ke cin 'yan kasuwa. A shagon buga takardu inda nake aikin kwamfuta muka haɗu. Ya zo yana ƙorafin hoton fastarsa ya fito kamar mai shirin kama ɓarawo. Na ce masa kwamfuta ba ta ƙarya, abin da aka ba ta take fitarwa, in yana son murmushi sai ya yi. Ya yi kuwa. Daga ranar kullum sai ya samo gyara a fasta.

Halinsa na tsohon aiki bai taɓa barinsa ba. Ba ya zama ya ba ƙofa baya, in kuma ya tambaye ni yaya na wuni, sai ya sake tambaya ta wata hanya ko zan canza magana. Dariya abin yake ba ni. Baba kuwa bai taɓa ganin abin dariya ba, cewa yake mai hali ba ya fasa halinsa, kakin ɗan sanda a jini yake. Da ƙyar da siɗin goshi Umma ta shawo kansa ya ce a bari a ga bayan zaɓe, sannan a yi maganar aure.

Duk gidanmu babu mai son Sufeto kamar Yaya. Tela ne a kasuwa, mai in'ina tun yana yaro, irin wadda in ransa ya ɓaci kalma kan maƙale masa har jijiyar wuyansa ta tashi. Shi ya sa ya saba da nuna abu maimakon faɗa. A makon nan masu haraji suka garƙame masa shago da wani ƙaton kwaɗo, kayan mutane na ciki, alhali ya biya. Wai wanda ya biya na wani ofis ne daban. Sai da mai walda ya yanke kwaɗon. Yaya ya sa shi a aljihu, ya tafi taron da Sufeto ya kira a bakin kasuwa don ya nuna masa.

Ina wurin, a idona aka yi. Sufeto na kan benci yana magana, ya ce duk mai koke ya matso. Yaya ya kutso ta gefensa, baki na rawa, magana ta ƙi fita. Ya cusa hannu a aljihu ya zaro ƙarfe, rana ta haska shi. Kafin in buɗe baki Sufeto ya diro, ya murɗe hannun, ya kai shi ƙasa, ya ɗora masa gwiwa a baya. Ƙarar ƙashin har inda nake.

"Ban ga fuskarsa ba," in ji Sufeto a barandar asibitin. "Hannu aka koya mana kallo, ba fuska ba. Na ga hannu, na ga ƙarfe... wallahi jikina ne ya riga ni."

Na yarda da shi, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Da a nan maganar ta tsaya, da ta mutu, don tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma wani ya ɗauki bidiyo, kafin la'asar ya zaga kowace waya: ɗan takara ya murƙushe ɗan daba da hannunsa. Mutane suka yi ta yabo, ana cewa ga maganin 'yan iska ya zo. Daraktan kamfen ɗinsa, wani mai tumbi da wayoyi a hannu bibbiyu, har rawa ya taka a ofis.

Na ce wa Sufeto ya fito ya faɗi gaskiya. Ya sunkuyar da kai, ya ce Darakta ya roƙe shi ya yi shiru zuwa bayan zaɓe, saura kwanaki kaɗan. In ya ci, shi da kansa zai wanke Yaya, ya kuma kashe harajin da ya jawo duk wannan. In ya yi magana yanzu, abokin hamayya zai ce ga mai tsaron da bai san tela da ɗan daba ba.

"Kwana nawa ne, Haskena? Ki yi min haƙuri..."

"Haƙurin ba nawa ba ne da zan ba ka. Na Yaya ne."

Da muka koma gida Baba bai ɗaga murya ba, na kuwa fi tsoron shirunsa. Ya je bangon zaure ya ɓamɓare fastar da Yaya ya manna da hannunsa, ya ninke ta a hankali, ya miƙo min.

"Hannu zai warke," ya ce. "Sunan fa, wa zai ɗaure masa? Ki faɗa wa mutumin nan kar in ƙara ganin ƙafarsa a ƙofar gidana."

Umma ta buɗe baki, ya dube ta, ta rufe.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Masu kawo wa Yaya ɗinki suka riƙa zuwa suna karɓe yadinsu, wasu ko gaisuwa babu. Wata da Yaya ya yi shekaru yana yi wa 'ya'yanta kayan makaranta ta ce ita dama ta lura idonsa ba na mutanen kirki ba ne. Yaya na zaune a tsakar gida da hannu rataye a wuya, yana kallon keken ɗinkinsa da aka dawo da shi gida. Ni kuma na kashe waya, na shiga ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Ina jin haushin Sufeto, ina kuma kewarsa, duk a zuciya ɗaya.

Sai ga Darakta a shagonmu da sabon aiki, yana sauri, wai a buga da yawa kafin yamma. Bai san ni ba, bai taɓa kallon mai zama a bayan kwamfuta ba. Na buɗe hoton. Sufeto ne, gwiwarsa a bayan Yayana, fuskar Yaya a cikin ƙasa, a sama an rubuta: Tsaro ba da baki ba.

Na fitar da guda ɗaya tak. Na ɗauki mayafina, maigidan shago na kirana ban waiwaya ba.

Na same shi a ofishinsa, yana fuskantar ƙofa kamar kullum. Ya miƙe da murna, sai na shimfiɗa masa fastar a kan tebur. Ya daɗe yana kallonta. Ya ce bai san da ita ba, na ce yanzu ya sani.

"Ka ce talaka za ka kare. Ga talakan nan a ƙarƙashin gwiwarka."

"Haskena..."

"Ina sonka, Allah ya sani. Amma ba zan shiga gidan da aka gina a kan bayan Yayana ba."

Na fita kafin ya ga hawayena. Ban yi tsammanin komai ba, a raina na riga na yi masa ban kwana.

Washegari da hantsi maƙwabcin Yaya a kasuwa ya zo yana haki, wai Sufeto ya hau bencin nan, ya ce ba zai sauka ba sai an kira masa tela. Baba ya ce babu inda za a je. Yaya ya tashi ya saka takalminsa, ya ɗauki kwaɗon daga kan keke. A rayuwata ban taɓa ganin ya tsallake maganar Baba ba sai ranar. Dole muka bi shi.

Kasuwa ta cika maƙil. Sufeto ya riƙe lasifika ya ce mutumin da suka gani a bidiyo ba ɗan daba ba ne, tela ne mai neman halal ɗinsa, abin da ya zaro kuma kwaɗo ne. Ya ce shi ya yi kuskure, shirun da ya yi bayan nan kuma ya fi kuskuren muni. Wuri ya ɗauki guna-guni. Darakta na gefe yana yi masa alama da hannu kamar mai korar ƙuda.

Sai Sufeto ya sauko, ya kama Yaya a hankali ya hau da shi kan bencin, ya riƙe masa lasifikar a baki.

"Ranar nan ka zo da magana ban jira ka ba. Yau ina jira."

Yaya bai taɓa magana gaban mutum biyar ba. Ya buɗe baki, kalmar ta maƙale, jijiyar wuyansa ta tashi. Wasu samari a baya suka fara dariya, wani ya ce a karɓe abin mana. Sufeto ya ɗaga tafin hannunsa sama, irin yadda ake tsayar da motoci a mararraba, bai sauke ba. Dariyar ta mutu. Kasuwa guda ta tsaya tana jiran Yayana.

"Su-su-sun kulle min sha-shago," ya ce daga ƙarshe, yana ɗaga kwaɗon da hannun hagu. "Na bi-biya. Na zo in nu-nuna maka ne... do-don kai na ya-yarda da kai."

Sufeto ya kawar da kai, amma na ga abin da ya gangaro masa. Na juya wajen Baba, sai na tarar yana goge ido da bakin hularsa, wai ƙura ce.

Sufeto bai ci zaɓen ba. Darakta ya koma wajen wanda ya ci tun kafin a gama ƙirga ƙuri'a, yana faɗa wa kowa cewa Sufeto da hannunsa ya zubar da kujera. Ni dai na san masu ɗinki sun dawo da yadinsu, har da matar nan mai gane idon mutanen banza.

Bayan kwana biyu Baba ya aika a kira Sufeto. Ya shigo zaure, ya rasa inda zai zauna, sai Baba ya nuna masa tabarmar da ta ba ƙofa baya. Ya waiwayi ƙofar, sannan ya zauna.

"Ba kujera na so ka kawo min ba," in ji Baba. "Ni uban yaron nan ne, amma sau nawa na ƙarasa masa magana don na gaji da jira. Kai ka jira shi a gaban duniya. Ka turo manyanka."

Yaya ne ya ɗinka rigar ango, ita ce ɗinkinsa na farko bayan an kwance masa hannu. Ta zauna ɗas ko'ina, sai hannun dama da ya matse Sufeto har ba ya iya ɗaga shi da sauri. Ya ce ko a ɗan buɗa masa. Yaya ya girgiza kai, yana murmushi.

"Da ga-gangan na yi."