Lambar Zorka

A kan tsani Dunya ta fara ganinsa, sukuddireba a baki, yana ƙoƙarin gaishe ta da kai. Mahaifinta Radoye ne ya kira shi aiki a ɗan ƙaramin shagonsu na buga takardu a garin Uzhitse, don lokacin sanyi tawada daskarewa take yi, kullum sai Dunya ta yi sammako cikin ƙanƙara ta kunna hita mai ɗumama ɗaki.

Ya sauko ya nuna mata wani ɗan akwati da ya kafa a bango, mai layin waya a ciki.

"Sunana Vukashin. Daga yau ki sha barcinki. Ki tura wa lambar nan ɗaya, hita da injuna su tashi. Ki tura sifili, komai ya mutu."

"Daga gida?"

"Ko daga Belgrad, babban birni."

Ta gwada, hita ta kama. Ta kalli akwatin, ta kalli yatsunsa, ta rasa wanne ya fi burge ta.

Kwana uku sai ga saƙo: "Na san akwatin lafiyarsa lau. Mai akwatin nake tambaya."

Ta amsa: "Mai akwatin tana gode wa injiniyanta. Ta ƙara kiba saboda barci."

Kafin sanyi ya raba, ya riga ya raɗa mata 'Yar Tawada, ita kuma ba ta iya cin burek, fanken nama da take ci da rana, in ba shi.

Radoye ya murtuke. Shi Predrag yake so, ɗan dillalin da ke kawo musu takarda.

"Mai hawa tsani zan ba ki? Yau yana rufin wannan, gobe na wancan?"

"Baba, kai da bakinka ka ce hannunsa na da kyau."

"A aikin wayar lantarki na ce!"

Predrag kuwa ya tare ta a bakin ƙofa yana murmushi. "Ki duba wayar injiniyan naki. Ki tambaye shi wace ce Zorka."

Ba ta so ta duba ba, amma ranar da ya bar wayar a kan tebur ta duba. Saƙo zuwa ga Zorka, kullum ƙarfe shida na safe, ba fashi. Ba ta buɗe saƙonnin ba, ta mayar da wayar inda take. Kwana biyar ba ta ɗauki kiransa ba.

A na shida ya rubuto: "'Yar Tawada, ban san laifina ba, amma na karɓa. Ki faɗa min sunansa kawai."

"Zorka," ta rubuta.

"Ki sa takalmin ƙanƙara. Gobe zan kai ki wurinta."

Awa guda suka yi suna hawa dutse a tsohuwar motarsa. A ƙarshen wani ƙauye ya ƙwanƙwasa ƙofa. Wata tsohuwa ta buɗe, yatsunta duk sun lanƙwashe, ɗumi ya bugi fuskar Dunya daga ciki.

"Malama Zorka ce, ita ta koya min karatu," in ji shi.

"Faskare ya gagare ni, 'yata, wayar ma ba na ganin rubutunta," tsohuwar ta ce. "Shekara uku ke nan yaron nan yana kunna min hita daga gari da saƙon waya, kullum ƙarfe shida, kafin in sauko daga gado. In wuta ta ɗauke, akwatin da ya kafa min ya gaya masa, sai in gan shi a ƙofa da itace."

Dunya ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan safar hannunta. Bai taɓa faɗa mata ba, ko sau ɗaya.

"Ka yafe min."

"Kishin 'yar shekara tamanin da biyu? Ni daɗi ma na ji," in ji shi.

Suna shan gahawa Malama ta tambayi Dunya ko ita 'yar waye ce. Da ta ji sunan, ta ajiye kofi.

"Radoye mai kunnuwa? Wanda ya maimaita aji uku? Kira min shi."

Dunya ta kira, ta miƙa mata. Daga inda take zaune tana jiyo muryar mahaifinta, wanda duk unguwa ke shakka, ta koma ƙarama: "To, Malama. Haka ne, Malama. Na ji, Malama."

Da suka dawo suka tarar da Radoye a tsaye bakin shago. Ya daɗe yana kallon Vukashin.

"Shekara talatin ban leƙa matar nan ba, kai kuma kullum kana tuna ta. Shigo, akwai barasar rakiya."

A watan Mayu aka ɗaura auren a cocin unguwarsu, masu kakaki suka rako su har gida, aka ci sarma, wato naɗin kabeji da nama, da gasasshen rago. Radoye ya miƙe da kofinsa zai yi dogon jawabi, amma ya ajiye kofin. Sai kawai ya haɗa hannayensu biyu cikin nasa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Ɗana, ka riƙe min ita."

"Na riƙe, Baba," in ji Vukashin.

Dunya ta ji hannunsa ya ƙara damƙe nata.