Dirar Mai Ƙafar Baka

Akwai wani yaro a Ƙofar Marusa, ɗan aji biyar a firamare. Yana da ƙafar baka. Ko ya haɗa dugadugansa, gwiwoyinsa ba sa haɗuwa. Amma wajen tsalle, sai dai a bi bayansa.

Makarantarsu za ta tura yaro ɗaya gasar dogon tsalle ta cikin birni. Malam Yahaya, malamin wasanni, ya zaɓe shi.

"Tashinka ba laifi," in ji Malam. "Dirarka ce ke ba ni tsoro. Mai ƙafa irin taka, nauyinshi a gefen ƙafa yake sauka, shi ya sa kake tangaɗi. In za ka dira, lanƙwasa gwiwa. Kullum kuma ka riƙa tsayuwa da ƙafa ɗaya, har jikin ya saba."

"To, Malam."

Kwana biyu yana bin maganar. Ran na uku, Sagir, ɗan ajinsu mai bakin tsiya, ya zo bakin ramin yashi yana kallo.

"Kai jama'a! In ya dira, ko akuya sai ta wuce ta tsakanin ƙafafunshi!"

Yara suka kwashe da dariya. Maganar ta soki yaron. A gida ya daɗe yana kallon ƙafafunsa. Ya ji duk ya tsane su.

Daga ranar ya daina tsayuwa da ƙafa ɗaya. In ya zo dira kuma, sai ya matse gwiwoyinsa ya sandare su, wai don kada a ga ratar.

Saura kwana huɗu gasa, ya sheƙo a guje, ya tashi sama, ya diro a sandare. Ƙafar dama ta gurɗe. Ya kife cikin yashi yana ihu. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Malam ya kai shi asibiti a babur. Likita ta ce ba karaya ba ce, targaɗe ne, amma ba gudu sai bayan sati shida.

Ranar gasa yana kwance a tabarma, ƙafa a ɗaure. Wani aka tura a madadinsa. Ya yi kuka har ya gaji.

Innarsa ta zauna kusa da shi.

"Ɗan nan, mi ya kai ka ƙin jin maganar Malam?"

"Kunya nike ji, Inna. Dariya suke mani."

"To, cikin masu dariyar, wa ya zo ya taya ka jin ciwon?"

Ya sunkuyar da kai.

Da ya warke, ya je ya durƙusa gaban Malam Yahaya.

"Malam, na tuba."

"Tashi. Mu koma farko."

Abin bai zo da sauƙi ba. Wata da watanni yana tsayuwa da ƙafa ɗaya, yana faɗuwa, yana tashi. Sagir bai fasa tsiyarsa ba. Yaron ya yi kunnen uwar shegu da shi.

Shekara ta zagayo, aka sake zaɓensa, aka tura shi gasar. Ya tashi, ya diro, ya lanƙwasa gwiwa, ya tsaya cak. Shi ya zo na biyu a duk birni. Malam ya rungume shi yana ta hamdala.

Nan yaron ya gane cewa halittar Allah ba abin kunya ba ce. Wanda kuma ya bar maganar malaminsa don gudun dariya, shi kaɗai zai sha ciwon.